Ƙofofin Motar Malam

Litinin, da hantsi

Yau na yaye tamfol ɗin da ke kan motar Malam. Ban tashi da niyyar haka ba. Shara nake yi a tsakar gida, tsintsiya ta shige ƙarƙashin motar, na sunkuya zan jawo ta sai na ji wani wari kamar na tsumman da ya kwana a ruwa. Da na buɗe ƙofar direba sai ga ɓera ya bi ta kan ƙafata, ko kunyar ido babu. Ashe sun mayar da kujerar baya gidan haya. Sun gutsuttsura soso, rufin ciki ya sauko yana lilo, robar ƙofofi ta bushe tana marmashewa a hannu.

Tun da likita ya hana Malam, maigidana, tuƙi saboda ciwon mantuwa take nan a ajiye. Motar nan ta girmi Auta, 'yarmu ta ƙarshe, wadda ita ma yanzu take da nata 'ya'yan.

Gidan ya yi mini yawa. Tun ranar da Babba, ɗanmu na fari, ya zo ya tafi da mahaifinsa gidansa, ɗakunan nan kamar an ƙara musu faɗi. Na haɗa shayi na zuba kofi biyu, sannan na tuna, na mayar da ɗaya cikin buta.

Hannuna na hagu da sauƙi. Na kwance bandejin.

Talata, da yamma

Babba ya kira. Ya ce Abba ya ci abinci, ya samu barci. Na ce a ba shi wayar. Ya ce, "Umma, ki bari tukuna. Likita ya ce a bar shi ya nutsu."

Na ce to. Fiye da rabin rayuwata ina zaune da mutum, yau sai an jira ya nutsu kafin ya ji muryata.

Ban gaya wa Babba na buɗe motar ba.

Alhamis, da safe

Na jawo akwatin kayan aikin Malam daga ƙarƙashin gado. Komai yana inda ya saba ajiye shi, sifana daga ƙarami zuwa babba, filaya a naɗe cikin tsohuwar singiletinsa. Ni tela ce, allura na sani da almakashi. Amma na ce ai allon cikin ƙofa ma riga ce aka sa wa ƙarfe, kuma duk rigar da aka ɗinka ana iya farke ta.

Na kwance sukurori guda biyu na wurin ɗora hannu. Hannun ɗaga gilashi kuwa ya ce bai san zancen ba. Na ja, na murɗa, na roƙe shi, har na zage shi. Daga ƙarshe na ɗauki mayafi na tafi wurin Mai walda a bakin layi.

Yana ganina ya kashe wuta ya ɗage gilashin fuskarsa. "Maman Babba, ke ce da kanki? Ina Malam?"

Na ce, "Yana wurin Babba, ya je ganin jikoki."

Shi ne fa ya ɓalle mana ƙofar ɗaki a ranar nan da Malam ya kasa gane ni har ya ji mini ciwo a hannu. Ya ga abin da ya gani. Amma sai ya ce, "Madalla, Allah ya dawo da shi lafiya," kamar da gaske ziyara ce. Bai dubi hannuna ba. Allah ya saka masa.

Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce akwai wani ɗan ƙarfe a ɓoye a bayan hannun, lanƙwasasshe, shi ke riƙe da shi. In zura tsumma ta baya in ja shi hagu da dama, zai fito da kansa. "Amma ki sa ido, tsalle yake yi. In ya ɓata sai mun nemo shi da fitila."

Ya yi tsallen kuwa. A cikin takalmina na same shi.

Juma'a, da rana

Allon ƙofar direba ya fita. Ruwa ya cinye ƙasansa, ya kumbura ya lanƙwashe. Cikin ƙofar duk laka ce da tsatsa, 'yan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa sun toshe. Na zauna a kan kujera 'yar tsugunno ina tone su da tsinken saƙa. A cikin lakar na tsinci guntun fensir da ɗan kunne ɗaya, na yara. Ban san na wace ce ba cikin jikokin.

Wuni guda ban yi magana da kowa ba sai ƙofa.

Asabar, da yamma

Ba wanda ya kira.

Lahadi, da yamma

Auta ta kira daga garinsu. Ta daɗe tana zagaye kafin ta zo kan magana: in rufe gidan in koma wurinta. Akwai ɗaki, akwai jikoki, ba zan zauna ni kaɗai kamar mayya ba.

Na ce, "In Abbanku ya dawo ya tarar da wa?"

Na ji tana jan hanci. Ta ce, "Umma, hannun fa?"

Na ce faɗuwa na yi, na sha faɗa muku. Ta ce to, Umma. Irin "to" ɗin da nake ce musu suna ƙanana in sun rantse ba su suka sha sukari ba.

Talata, da hantsi

Na je kasuwa na sayo ledar kujera ruwan ƙasa, kusan irin ta asali, da soso marar kauri da gam da sabon allo. Mai shagon ya tambaye ni wane bakanike ne ya aiko ni. Na ce ni ce bakaniken. Ya ɗauka wasa nake yi, ya ce to a gaishe da maigidan gareji.

Na ɗora tsohon allo a kan sabo na zana da alli, kamar yadda nake yankan riga a kan tsohuwa. Kafinta ya yanka mini, ya huda ramukan. Keken ɗinkina ya ƙi ledar da farko, yana ta taruwa wuri ɗaya yana cin zare. Sai da na sa babbar allura na shafa ɗan mai a kan layin ɗinkin sannan ya tafi. Ƙarar keken ta cika gidan. Rabon da in ji gidan nan da hayaniya har na manta.

Malam ba ya son ƙarar keke da rana. Yakan leƙo ya ce, "Injin niƙa, a sassauta mana." Yau na taka yadda nake so, ba wanda ya leƙo.

Laraba, da yamma

Babba ya zo ba sanarwa, tare da wani mutum mai jar hula. Ya tarar da ni a tsugune, hannu duk gam, ƙofofin gaba tsirara, kujerar baya a jingine da bango. Ya tsaya yana kallona kamar ya ga na haɗiye tabarya.

"Umma, mene ne haka?"

Na ce, "Abin da ka gani."

Ashe mai jar hular irin masu sayen tsofaffin motoci ne, su farfasa su sayar da kayan. Yana ta zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta da makulli. Na ce masa ya sha ruwa ya tafi, motar nan tana da mai ita.

Bayan ya fita Babba ya zauna a bakin baranda ya dafe kai. Ya ce, "Umma, in Abba ya ga motar nan makulli zai nema. Kin manta inda aka tsinto shi wancan karon? Kuma kina da hannun da za ki riƙa ɗaga ƙarfe? Me za ki yi da ita in kin gama?"

Na ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya ce, "Ni ma yanzu ɗakina yana yoyo, Umma. Ba na barci. Matata ba ta barci."

Sai a lokacin na dube shi sosai. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kai. Yaushe yaron nan ya yi furfura? Na tashi na ɗora masa shayi. Ya sha rabi ya tafi. Ba mu ƙara maganar motar ba, kuma ban tambaye shi ko Malam yana ambatona ba. Na ji tsoron amsar.

Alhamis, da safe

Allon ƙofar direba ya hau. Na shafa giris a ƙarfen da ke ɗaga gilashi, yanzu da yatsa biyu ake murɗa shi. Na ɗaga na sauke, na ɗaga na sauke, har na ji kunyar kaina.

Ba wanda zan nuna wa.

Asabar, da safe

Zan je gidan Babba. Ba wanda ya ce in zo, amma zan je. Na wanke wa Malam farar jallabiyarsa na goge, zan ce ita na kai.

Asabar, da yamma

Na je. Na dawo.

Lahadi

Ban taɓa motar ba.

Litinin, da rana

Surukata ce ta buɗe mini ranar Asabar. Ta rungume ni, ta ce da na faɗa da an shirya shi. Malam yana zaune a falo da ƙaramin jikanmu a cinyarsa, an yi masa aski, ya yi fes. Ya ɗago ya dube ni. Na yi sallama. Ya amsa da fara'a, irin wadda yake yi wa baƙi.

Da na tsaya a nan da ya fi. Amma sai na matsa kusa na ce, "Malam, ni ce."

Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Irin na ranar nan ne, da irin idon ranar nan. Jikan ya fashe da kuka, surukata ta ja ni zuwa kicin tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi mini laifi. Ta ƙofar baya na fita. Jallabiyar tana nan a jakata, sai da na zo gida na gan ta.

Likitan ya yi gaskiya ke nan. Ni ce ba na barinsa ya nutsu.

Laraba, da yamma

Shayi da burodi. Rediyo. Na share tsakar gida sau biyu.

Auta ta kira ban ɗauka ba. Na aika mata saƙo na ce ina wanka.

Alhamis, da hantsi

Ruwan sama ya sauko da sassafe, ni kuwa na bar gilasan baya a sauke, ƙofofin ba roba. Na fita da gudu ina jan tamfol, iska tana ƙwace shi, na jiƙe sharkaf. Ruwa ya kwanta a ƙasan motar. Na ɗauko kwano da tsumma ina kwashewa ina kuka, ina kwashewa ina faɗa, ban san da wa nake faɗan ba. Da ita, da shi, da kaina.

Da rana ta fito na buɗe ƙofofin duka huɗu don ta sha iska. Tunda na riga na jiƙe, sai na ɓanɓare tsohon kafet ɗin ƙasa gaba ɗaya. Akwai tsatsa amma bai huda ba. Na goge da sanfefa har kafaɗata ta ƙage.

Asabar, da safe

Ƙofar gefen fasinja ta daɗe da saki, sai an ɗaga ta ake rufewa. Na je na kira Mai walda. Ya duba ya ce ƙusar hinjin da ke riƙe da ƙofar ce ta cinye. Ya tallafe ƙofar da jak da guntun katako, ni na riƙe ta kada ta kife, ya buge tsohuwar ƙusar ya sa sabuwa.

Yana aiki yana ba ni labarin mahaifiyarsa, wadda ban taɓa sani ba. Ya ce a ƙarshen rayuwarta ta ɗauke shi ƙaninta ne da ya rasu tun tana budurwa. Da farko yana gyara mata, yana cewa ni ne ɗanki, ita kuma ta yi ta kuka tana cewa an sace mata ɗa. Daga baya ya gaji ya bari. In ta kira shi da sunan ƙanin sai ya amsa.

Ya ce, "Shekarunta na ƙarshe a matsayin ƙani na yi mata su. Kuma wallahi mun yi hira mai daɗi."

Ya tura ƙofar da yatsa ɗaya ta rufe, ɗif. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce sai dai in ɗinka masa rigar kujerar babur ɗinsa.

Litinin, da yamma

Rufin ciki ya ba ni wuya. Ashe a jikin wasu siraran ƙarafa yake rataye, kowanne a zure cikin ɗinki kamar mazagin wando. Wannan kam sana'ata ce. Na ɗinka sabo da farin yadi mai kauri. Wajen ɗaura shi ne na kwanta rigingine a cikin mota, gam yana ɗiga mini a goshi, wuyana kamar zai tsinke. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ga ƙafafuna kawai a waje, ta ƙwala salati, ta ɗauka na faɗi.

Mun yi dariya. Na ce ta shigo ta sha shayi, ta ce tana da girki a wuta.

Laraba, da rana

Na manna sabuwar roba a ƙofofi uku. Kujerar baya ta sha sabon soso. In na shiga na rufe, ƙarar layi ba ta shigowa. Na daɗe a zaune a ciki. Ya fi ɗaki daɗin zama, don shi ba shi da faɗi.

Alhamis, da yamma

Babba ya kira, muryarsa a dashe. Ya ce kwana da kwanaki Abba ba shi da magana sai ta mota. Wai an sace masa ita. Jiya har ya kai bakin titi zai je ya ba da rahoto, da ƙyar aka dawo da shi. Sun nuna masa motar Babba ya ce wannan ba mota ba ce, gwangwani ce.

"Umma, tana nan dai ko?"

Na ce, "Ai ka so a farfasa ta."

Ya ce, "Umma, don Allah."

Na ce ya kawo shi jibi. Na cire batir tun tuni, makulli kuma yana ƙulle a bakin zanena.

Sai ya ce, "Ko za ki shiga wurin maƙwabta in mun zo, har mu tafi?"

Na ce a'a. A gidana zan zauna. Amma na yi masa alkawari ba zan ce ni ce ba.

Juma'a

Na wanke ta. Na goge sitiyari da ɗan mai. Na kasa cin abinci.

Asabar, da yamma

Sun zo da hantsi. Malam ya shigo, Babba yana riƙe da gwiwar hannunsa, ya bi ɗakunan da ido kamar wanda ya zo duba gidan haya. Ni ina tsaye can gefe da tsumma a hannu. Sai ya hango motar. Ya fizge hannunsa ya tafi da saurin da na manta yana da shi.

"Ga ta nan! Ban faɗa maka ba?"

Ya shafa ta tun daga gaba har baya. Ya buɗe ƙofar direba ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, yana karkata kai yana sauraro. Ya shiga ya zauna, ya dafa sitiyari da hannu biyu. Bai nemi makulli ba. Ya murɗa gilashi ya sauke, sai idonsa ya faɗo kaina. Babba ya matso.

Malam ya ce, "Baiwar Allah, ke ce mai aikin nan?"

Na ce, "Ni ce, Malam."

"To zagayo mana, kada rana ta dake ki."

Na zagaya na shiga gefensa na rufe ƙofa. Babba ya tsaya a waje yana muzurai, na yi masa alama da hannu ya bar mu.

Malam ya bi komai da yatsa, rufin, kujera, allon ƙofa. Ya ce aiki ya yi kyau, yanzu ba a samun masu yin haka. Sai ya tsaya a kan wani layin ɗinki kusa da wurin ɗora hannu, ya sunkuya ya ƙura masa ido.

"Amma nan kin karkace."

Na duba. Wallahi na karkace, ni ban ma lura ba.

Ya rage murya kamar mai ba da sirri. "Matata tela ce. Da ta ga wannan sai ta sa kin farke shi. Ba ta da sauƙi a kan ɗinki." Ya yi dariya, irin tasa ta da, har kafaɗunsa suna rawa. "Kin san ta?"

Na ce, "Na san ta."

"Ai kowa ya san ta." Ya dubi gaba ta gilashi, inda babu komai sai katangar gidanmu. "Kwana biyu ban gan ta ba. Ina jin fushi take yi da ni. Ban san abin da na yi mata ba."

Na ce, "Ba ta fushi, Malam. Aiki ne ya yi mata yawa."

Ya gyaɗa kai, ya ce haka take. Daga nan ya shiga ba ni labarin hanyoyin da ya bi da motar nan, garuruwan duk sun cakuɗe masa, ni kuwa da na san kowace tafiya ina ta cewa, "Allah sarki, da gaske?" Mun fi awa muna zaune. Ban taɓa hannunsa ba. Na so, amma ban taɓa ba.

Da ya gaji ya fara hamma, Babba ya buɗe masa ƙofa ya fito ba gardama. Ya ce wa Babba a bar motar a nan wurin matar nan, ta san aikinta, zai riƙa zuwa yana dubawa. Babba ya ce to, Abba, duk Asabar. Ya faɗa yana kallona, idonsa ya yi ja.

Har sun kai ƙofar gida Malam ya juyo.

"Baiwar Allah, in kin ga matata ki ce ina gaishe ta. Ki ce kada ta damu, ina nan lafiya."

Lahadi, da safe

Auta ta kira na ɗauka. Na ce mata ta ba wa wani ɗakin, ina da aiki a nan. Ƙofar baya ta hagu ko taɓa ta ban yi ba, ga kafet, ga rigar kujerar Mai walda.

Na ci abinci sosai yau. Na sa ƙaramin almakashi a aljihu zan je in farke layin nan.

Malam ya ce in gaishe da matarsa. Na gaya mata. Ta amsa.